Noti Mai Harshe

Baƙin mai ya biyo tsintsiyar hannun Direba, ya gangara ta gwiwar hannu, ya shige masa hammata. Yana kwance rigingine ƙarƙashin motar burodi, ya toshe ramin kwanon mai da babban yatsan hagu, hannun dama yana lalube a kan kwalin da ya shimfiɗa.

"Ina notin nan? Yanzun nan fa na ajiye shi."

"Wanne? Ni biyu nake gani," in ji matarsa. Tana tsugune gefen taya da tocila a hannu.

"Mai haƙoran. Wanda aka yi wa baki kamar mataji."

Ta tura masa shi da ɗan yatsa kamar mai tura kunama. Ya zare babban yatsansa, mai ya yi masa tsartuwa a kumatu, ya yi maza ya dasa notin ya fara murzawa. Da ya kusa ƙurewa sai wani siririn ƙarfe da ke maƙale a gefen kwanon ya soma faɗawa tsakanin haƙoran: ƙas, ƙas, ƙas. Ya ƙarasa da sufana. Sannan ya dumbuzi ƙasa, ya cuɗa ta da man da ya zuba, ya shafe notin har sheƙinsa ya ɓace.

"Kwalliya kuma kake yi masa?" matar ta ce. "Wata uku kana yi wa dattijo ƙarya kai kaɗai, yau kuma ka ɗauke ni aikin haska mata fitila."

"Don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ai na bar ka. Sai dai mutumin da ya shekara arba'in a ƙarƙashin mota, ba da ƙasa za ka rufe masa ido ba."

Direba ya ajiye sufana. Tun kafin gari ya waye yake kan sitiyari, shago talatin da ɗaya ya zaga, bayansa kamar an daka. Da ya dawo ma bai kwanta ba, zama ya yi yana jiran inji ya huce. Ya jawo jikinsa daga ƙarƙashin motar, ya zauna a ƙasa yana kallon ƙofar da ke tsallaken lungu.

Ƙofar Baba Injiniya ce. Gidajensu na kallon juna, motar burodin kuma a tsakaninsu take kwana. Baba ba injiniya ba ne, bakanike ne. 'Yan unguwa suka laƙaba masa sunan don tsokana, har ya bi shi. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya soma yi masa gardama, sai ya bar gareji, ya kwaso magagari da injin huda da ɗan teburin ƙarfe ya dawo da su ɗakinsa. 'Yarsa ce ke kula da shi, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan.

Abu ɗaya Baba ya sa a gaba duk tsawon shekarun nan: notin juye. Kowace mota tana da kwano a ƙasan inji inda baƙin mai ke taruwa, kwanon yana da rami ɗaya, ramin kuma noti ɗaya ne ke toshe shi. Ranar juye a kwance shi, tsohon mai ya tsiyaye, a mayar a ɗaure. In ba a ɗaure da kyau ba, girgizar hanya ta yi ta warware shi kaɗan-kaɗan har ya faɗi, mai ya bi titi, inji ya ƙone, direba na can yana sauraron rediyo. Baba so yake ya ƙera wanda ba zai kwance kansa ba. Ya gwada mai huda wanda ake ɗaurewa da waya, kanikawa suka riƙa yanke wayar suna yarwa. Ya gwada noti biyu, ɗaya na danne ɗaya, na biyun kullum sai ya ɓace a ramin gareji. Ya gwada mai sifirin, zafin inji ya kashe sifirin ɗin. Duk suna nan cike da gwangwanayen madara a ƙarƙashin gadonsa. Mai askin bakin lungu kan ce, "Wasu na kiwon kaji, Baba Injiniya na kiwon noti."

Na ƙarshen shi ne mai harshe. In kana ɗaurewa, siririn ƙarfen nan yana tsallake haƙoran ɗaya bayan ɗaya. In notin ya nemi komawa baya, harshen ya tokare shi. Ba ya kwantuwa sai mutum ya danne harshen da yatsa. Wata uku da suka wuce, lokacin Baba yana iya rarrafawa ƙarƙashin mota, shi da kansa ya ɗaura shi a motar burodi don gwaji.

Kwana tara ya yi a jikinta. Ranar juye ta zo, bakaniken gidan burodi, wanda ba wanda ya nuna masa yadda abin yake, ya yi ta kokawa da shi har ya ƙuje hannu. Ya kai ƙara. Mai gidan burodi ya kira Direba a gaban kowa.

"Motata ce ko ɗakin gwaji? In na sake ganin wani tarkace a jikinta, ka ajiye mini makulli."

Aka mayar da noti irin na kowa. Direba ya tsinci na Baba ya jefa a aljihun mota. Harshen kuwa bakanike bai damu ya cire shi ba, ya bar shi nan a maƙale.

Da yammar ranar Baba na zaune a ƙofar gida. "Direba, ya ɗanmu?"

Direba ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda tsohon ya miƙo wuya. "Yana nan daram, Baba."

Tun daga ranar maganar ta zama gaisuwarsu ta kullum.

Shekaranjiya aka sallamo Baba daga asibiti. Likita ya ja Malama gefe ya ce zuciyar ta gaji, a kai shi gida, a sama masa abin da yake so. Abin da yake so kuwa shi ne ya ga notinsa.

Direba ya dirje hannu da sabulu da yashi, ya canza riga, ya tsallaka lungun. Ɗakin Baba na warin man zafi da ƙarfe. An tokare shi da matashin kai uku, don in ya kwanta miƙe numfashi ƙwace masa yake. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Malama na zaune a bakin gado tana duba littattafan 'yan ajinta a kan cinya, idanunta jajawur.

"Baba, ya ƙarfin jiki?"

"Inji ya tsufa, kayan gyaransa kuma babu a kasuwa. Ka kawo ta?"

"Tana waje."

"Baba, likita fa ya ce ka huta," in ji Malama.

"Zan huta, ki kwantar da hankalinki. Hutu ma mai tsawo. Ku ɗauke ni."

Direba da mai aski suka ɗauko shi a kujerar roba, suna tafe suna tsayawa. Malama ta shimfiɗa tabarma gefen motar, ta ɗauko madubinta don a haska masa ƙasan injin. Baba ya ture madubin.

"Wannan na masu ido ne. Ku kwantar da ni."

Suka kwantar da shi a gefe guda. Ya zura hannu ƙarƙashin motar har kafaɗa, ya rufe ido. Babu abin da ake ji sai numfashinsa, kamar ana jan buhu a kan siminti. Direba ya tsaya yana kallon taya. Matarsa na leƙe ta bayan labule. An daɗe. Sannan Baba ya zaro hannun, ya murza yatsunsa kusa da hanci.

"Ku jingina ni da tayar nan. Yauwa. To, ku ba mu wuri ni da Direba."

Mai aski ya koma shagonsa. Malama ta dubi mahaifinta, ta dubi Direba, ta shige gida.

"Zauna," in ji Baba.

Direba ya zauna a gefen tabarma.

"Ƙasar hanya in ta yi wata uku a jikin ƙarfe, sai an kankare ta da wuƙa. Wannan kuwa yatsana ta biyo. Haƙoran ma kaifinsu na nan yadda na bar shi. Yaushe aka cire?"

 "Kwana tara da sa shi, Baba."

"Yaushe ka mayar?"

"Ɗazun nan."

Baba ya fara dariya, dariyar ta rikiɗe tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da Direba ya riƙe masa kafaɗa. Da ya lafa ya goge baki da bayan hannu.

"Wata uku ina kwance ina bin sa hanya-hanya a cikin kaina. Yau ya hau gada, yau ya shiga rami. Ashe yana kwance abinsa a inuwa."

"Ka yafe ni, Baba. Aikina na ji wa tsoro. Da na zo kuma na ga fuskarka, sai na kasa."

"Na san wannan. Na fi ka saninsa."

Baba ya tara numfashi. Wata mata ta wuce da bokiti a ka, ta gaishe su, suka amsa. Sai da ta yi nisa ya ci gaba, yana magana yana hutawa.

"Ina da ƙane. Ba ka san shi ba, lokacin ba ka zo unguwar nan ba. Shekara bakwai yana tuƙa motar wasu kafin ya samu tasa, wata 'yar bas fara. Ni nake yi mata juye. Ranar nan uwar Malama na kwance asibiti, kwana biyu ban runtsa ba. Na murza notin da hannu, na juya zan ɗauki sufana, aka aiko in zo maza. Na tafi. Washegari inji ya ƙone a hanya, fasinja cike."

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Na je janyo ta. Na bi layin man da ƙafa, ina komawa baya, har na tsinci notin a gefen titi. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Na sa a aljihu. Da na dawo ƙanena ya dube ni ya ce, 'Yaya, ka ɗaure kuwa?' Na ce, 'Na ɗaure.'"

Baba ya ɗan huta, ya ɗora.

"Ya yarda. Ya ce to dutse ne ya doke shi. Ya rabu da gangar motar, ya koma tuƙa manyan motocin wasu, tafiya mai nisa. Duk zuwan da zai yi gida sai in ce gobe zan faɗa masa. A shekara ta biyu barci ya ɗauke shi a kan sitiyari. Can aka binne shi, ko gawarsa ban gani ba."

"Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Mutane na zaton noti mai ƙarfi nake nema. Ƙarfe bai taɓa yi mini laifi ba. Ni notin gajiyayyen mutum nake nema. Wanda ko da hannu ka murza shi ka manta sufana, zai tsaya ya jira ka."

"Malama ta sani?"

"Ba wanda ya sani. In na tafi, ka ga za ta iya ɗauka, ka ba ta." Ya jingina ƙeya da tayar. "Yanzu saurara. Ba zan ce ka bar shi a motar ba, kana da iyali. Amma in ka cire, ka ce mini ka cire. In ya zubar, ka ce ya zubar. Kwanakin da suka rage mini ba su da yawan da zan ɓata a kan daɗin baki."

Washegari da asuba, ana loda burodi, Direba ya sami mai gidan a bakin tanda. Shi ma mutumin tun tsakiyar duhu yake tsaye, fulawa har a girarsa. Direba ya cire hula ya faɗa masa komai a tsaye, ban da maganar ƙane.

"Wato ka mayar da abin da na ce a cire."

"Na mayar, ranka ya daɗe."

"Kuma ka zo da bakinka kana faɗa mini."

"Na gaji da ɓoye-ɓoye ne."

Mai gidan ya ja tsaki, ya juya ya duba tire biyu, ya daka wa wani tsawa a kan wuta. Direba ya riga ya sa hannu a aljihu ya riƙe makulli. Can mutumin ya juyo.

"Tsohon naka mutuwa zai yi?"

"Haka likita ya ce."

Mai gidan ya goge fuska da tawul ɗin wuyansa. "Ka bar shi zuwa juye na gaba. Kowace safiya ka duba mai a gabana. In injin nan ya buga, kada ka zo mini da bayani, makulli kawai za ka aiko. Wuce, burodi na hucewa."

Baba ya sa Direba ya ja layi da ƙusa daga kan notin zuwa jikin kwanon, don in ya juya ko kaɗan a gani. Ranar farko Direba ya dawo, ya shiga ƙarƙashin mota da tocila. Layin na nan a miƙe. Amma a gefen notin akwai ɗigon mai guda ɗaya yana reto. Ya daɗe kwance yana kallonsa. Gogewa ɗaya da yatsa, shi ke nan. Ya fito bai taɓa shi ba, ya tsallaka wurin Baba.

"Bai motsa ba, Baba. Sai dai yana gumi."

Idanun tsohon suka buɗe. "Ɗigo nawa?"

"Ɗaya. A rataye."

"Madalla! To yanzu muke magana." Ya yi yunƙurin tashi zaune sosai. "Na san shi. Harshen yana tsayawa tsakanin haƙori da haƙori, sai ya bar 'yar kafa. Washa yake so mai laushi, ta jan ƙarfe, wadda za ta lotsa ta cike wurin. Malama! Miƙo mini magagari da gwangwanin nan mai jan murfi."

"Ba zan miƙo ba, Baba."

"To ni zan sauko."

Ta miƙo.

Kwana biyu ya yi yana goge washar a kan faranti bisa cinyarsa. Goga uku, ya huta. Goga uku, ya huta. Daga ɗakinsa Direba na jin ƙarar tana tsallako lungu, in ta yi shiru da yawa sai ya samu kansa yana kasa kunne har ta dawo.

A yammar kwana na uku ya tarar da Malama a bakin ƙofa, ta zubar da ruwan wanki ta tsaya da bahon a hannu kamar ta manta inda za ta.

"Sannu da ƙoƙari, Malama."

"Yaya, ni fa na gaji." Ba ta ɗaga murya ba. "Kofin shayi ba ya iya riƙewa, sai na riƙe masa. Amma magagari yana riƙuwa. Tun ina 'yar mitsitsiya ƙarar nan nake ji. Ranar da na gama makaranta ya zo taron da baƙin mai a farce, kafin a kira sunana ya tafi, wai akwai motar da zai duba. Yanzu kwana nawa ya rage mana? Ina zaune a gabansa daga safe har yamma, na ɗauki hutu a wurin aiki, amma kai yake jira. Kai ɗin ma ba kai ba, notin."

Maganar ƙanen Baba ta zo wa Direba har bakin leɓe. Ya mayar da ita.

"Ki ƙara haƙuri."

"Haƙuri ai shi nake ci, shi nake sha," ta ce, ta shiga ciki.

A kwana na huɗu Direba ya sa washar. Ya danne harshen da yatsa, notin ya kwance salin-alin, mai ya sake bin hannun rigarsa, matarsa ta ce ita ta daina wanke rigunan kanikanci tunda ba bakanike ta aura ba. Ya ja sabon layi. Washegari da gangan ya bar kwalta ya bi hanyar bayan masana'anta, mai ramuka kamar an yi yaƙi, burodi na tsalle a baya, haƙoransa na haɗuwa. Ya dawo ya duba. A bushe. Kwana na shida ma haka.

A yammar nan Baba bai iya ɗaga kai ba. Leɓunansa sun yi duhu, magagarin na ajiye a kan taga. Direba ya durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, ni ne. A bushe yake. Layi bai motsa ba."

Idon ya buɗe kaɗan. "Gaskiya?"

"Wallahi. Hanyar bayan masana'anta na bi, jiya da yau."

"Muguwar hanya." Gefen bakinsa ya motsa. Ya ja numfashi sau uku kafin ya ƙara. "Kwana biyu ba komai ba ne. Sai ya ga ruwa. Sai ya ga zafi. Ni ba zan sani ba."

"Za ka sani, Baba, in Allah Ya yarda."

"Ka fara daɗin bakin kuma."

Direba ya sunkuyar da kai.

"Bakanikenku. Ka nuna masa yadda ake danne harshen. Kada ka yi masa faɗa. Bai sani ba ne."

"Zan nuna masa."

Baba ya juya ido yana neman 'yarsa. Ta matso da ruwa a cokali, ya tsotsa, rabi ya bi gemunsa. Ta goge masa da gefen mayafinta. Ya kama yatsunta biyu ya riƙe, bai saki ba. Ta zauna a haka, cokalin a ɗaya hannun.

"Je ka kwanta, Direba," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Asuba na jiranka."

Washegari da hantsi Direba na shago na sha tara, tire a kafaɗa, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, ka juyo gida."

Ya mayar da wayar aljihu. Mai shagon na tsaye yana jira. Direba ya jera burodin a kan kanta yadda ya saba, manya a baya, ƙanana a gaba, ya gyara wanda ya karkace. Ya koma mota ya zauna, hannu biyu a kan sitiyari, bai tayar ba. Sai da wani mai babur ya yi masa hon yana neman hanya sannan ya murza makulli. Ya biya gidan burodi ya sauke sauran kayan. Mai gidan ya dubi fuskarsa, ya ce Allah Ya jiƙansa, ya ce wa wani ya ƙarasa zagayen da amalanke.

Lungun ya cika da takalma da kujeru. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta faɗa masa yadda aka yi. Malama tana goge wa Baba fuska, ya ce ta ɗan ɗaga masa matashin kai. Ta ɗaga. Ya ce ta ƙara. Ta ƙara. Ya ce, "Yauwa, haka ya yi." Ta juya ta matse tsumman a kwano, ta juyo, shi ke nan.

Kafin rana ta faɗi aka kai shi. Kanikawa suka zo daga gareji-gareji, waɗansu da furfura, duk a hannunsa suka koyi riƙon sufana. A hanyar dawowa suna ta ba da labarin yadda yake bin mota da gudu har bakin titi don ya sake taɓa ƙasan injin, suna dariya suna share ido. Direba na tafe a bayansu.

Bayan kwana uku, da mutane suka ja baya, Malama ta aiko a kira shi. Ya dawo daga aiki ke nan, ko takalmi bai cire ba.

"Yaya, ka taimaka mini mu fitar da katifar nan ta sha rana. Ni kaɗai ta fi ƙarfina."

Ɗakin ya yi fili. An kwashe kwalaben magani, an naɗe tabarma. Suka kama katifar, shi a kai, ita a ƙafa. Ba su ɗaga ba tukuna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ranar nan da ya ce mu ba ku wuri. Me ya ce maka?"

Direba ya dube ta. Ta rame, amma idonta a tsaye yake. Ya saki katifar, ya zauna a bakin gado, ya faɗa mata. Farar bas, asibiti, sufanar da ba a ɗauka ba, layin mai a titi, tambayar da amsar. Bai ƙara ba, bai rage ba.



"Baffana," ta ce. "Shi ne yake ɗora ni a cinya in riƙe sitiyari. Ranar da aka kawo labarin rasuwarsa Baba bai yi kuka ba. Gareji ya tafi. Na riƙe wannan a raina shekara da shekaru." Ta murza idonta da tafin hannu. "Lokacin da Inna ke asibitin nan, ni ce ba ni da lafiya, ba ita ba. Ita jinyata take. Kwana biyu yana zaune a ƙasa gefen gadona. Wannan ma bai faɗa maka daidai ba."



"Da ni ya faɗa wa," ta ce, "da na riƙe masa farantin."

Ta tashi ta kama gefenta. Suka fito da katifar ta ƙofa a karkace, suka ratsa tsakar gida, suka jingina ta da katanga inda rana ta fi bugawa. Malama ta ɗauko sanda don ta kakkaɓe ƙura. A tsakiyar katifar akwai gurbin da bayansa ya yi, da wani ƙarami a ƙasa inda dugadugansa suke sauka. Ta ɗaga sandar, ta tsaya. Sannan ta jingina ta da bango, ta jawo 'yar kujera ta zauna.

Direba ya tsuguna a inuwar ƙofa ya kwance igiyar takalminsa. Rana na dukan katifar, gurbin na nan bai taso ba.